Rumbu Ɗaya, Murhu Da Yawa: Daga Bobiel Zuwa Plato

Gidan da ya fara da mata da miji murhu ɗaya ya ishe shi. Duwatsu uku a gindin katanga, randa a inuwa, turmi kusa da rumbu, shi ke nan. Matar gida ba ta yin taku goma tsakanin ruwa da wuta. Sai dai gida ba ya zama yadda aka kafa shi. 'Ya'ya maza su girma su yi aure, a yanka wa kowa sashe, a tura danga baya, a sake turawa, har gida ya kai inda da can kuɓewa ake shukawa. In maigida mai kafiya ne, ya ce shi a gidansa tukunya ɗaya za a ɗora, kuma a ƙofar ɗakin uwargida, to amaryar da ke sashen ƙarshe ta shiga uku. Ranar girkinta tun asuba take safa da marwa: ta kai itace, ta koma ɗauko muciya, jariri ya tsala ihu ta ruga, ta dawo ta tarar wuta ta mutu. Kafin tuwo ya isa sashenta ya huce, miya ta zube rabi a hanya. Da daddare kuma a zauna ana cewa yarinyar nan ba ta iya girki ba.

Yamai irin wannan gida ce. Lokacin da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka maido shi nan a 1926, a kan tudun Plato suka kafa murhunsu: fadar gwamna, ofisoshi, asibiti da gidajen manyansu, kwarin Gunti Yena ya raba su da unguwannin 'yan ƙasa. Da aka samu 'yancin kai a 1960, mutanen garin wajen dubu 30 ne. Akawu yana iya fitowa daga gidansa a Zongo ko Gandace, ya taka sayyada ko ya hau keke, ya isa biro rigarsa ba ta jiƙe ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum miliyan ɗaya, yau kuwa sai wanda ya gani. An raba garin gunduma biyar, unguwanni sun bazu ta kowace kusurwa, amma fadar shugaban ƙasa da ofishin firaminista da mafi yawan ma'aikatu suna nan inda Bature ya bar su. A 2024 an canza wa tituna suna, titin De Gaulle ya koma Djibo Bakary, duwatsun murhun dai ba wanda ya taɓa su.

Bobiel, can arewacin gari, tana cikin sassan da aka yanka daga baya. Unguwa ce ta malaman makaranta, ma'aikatan jinya, akawuna, 'yan kasuwa, da 'yan haya waɗanda tsadar tsakiyar gari ta koro. Kada a manta, gwamnati da hannunta ta tura ma'aikata da dama bakin gari. A farkon shekarun 2000, da bashin albashi ya taru ya yi mata yawa, filaye ta riƙa ba ma'aikata a maimakon kuɗi, filin da za a rabar wa dubban mutane kuwa ai ba a Plato yake ba. Wanda ya yi haƙuri ya gina nasa, bulo ɗaya yau bulo biyu gobe, ya tare da iyalinsa, sai ya wayi gari yana da gidan kansa, ofishinsa kuma yana can inda yake tun zamanin shugaba Diori.

Daga Bobiel zuwa Plato bai kai kilomita 10 ba. A takarda ba wata tafiya ba ce. Amma tsaya bakin gudron da misalin ƙarfe bakwai na safe ka ga yadda kilomita ke miƙewa. Ga wata baiwar Allah, jaka a kafaɗa, kular abinci a hannu, ta riga ta keto rairayi daga can cikin unguwa, takalminta ya yi futu-futu. Tasi mai jan kai ya rage gudu, ta sunkuya ta taga ta ce “Plato”. Direba ko kallonta bai yi ba, ya girgiza kai ya ja mota, domin mutum ukun da ke ciki Babbar Kasuwa suka nufa. Na biyu ya ce sai dai ta biya kuɗin mutum biyu. Na uku ya yarda, da sharaɗin sai ya fara sauke wata a asibiti. A gefe ga wani magidanci bisa moto, yaro ɗaya a kan tanki, biyu a baya, jakunkunan makaranta suna reto, jakar takardunsa a maƙale a wuya. Sai ya sauke kowa a makarantarsa kafin ya shiga layin masu gangarawa tsakiyar gari. Duk unguwannin arewa a lokaci guda suke kwarara, ta 'yan hanyoyi ƙalilan, zuwa wuri guda. Da yamma ruwan ya juyo. In damina ce kuma sama ta kece da asuba, lungunan unguwa sun zama tafki, mai moto sai ya naɗe ƙafar wando yana turawa.

A yi lissafi da kuɗin da kowa ya sani. A ce ma'aikaci yana kashe dala ɗari zuwa, dala ɗari dawowa, wato jika guda a yini, abin da ba wuya ga mai canza mota sau biyu. A kwana 22 na aiki ya ba direbobi jika 22. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, bayan ƙarin da aka yi, jika 42 ne. Ma'aikacin gwamnati ya fi haka samu, gaskiya ne, amma ƙaramin akawu bai fi shi da nisan da zai sa ya ƙi jin zafin jika 22 ba. Mai moto ya ɗan fi samun sauƙi: a Yulin 2024 litar mai ta sauko zuwa sefa 499, in yana ƙona lita guda a yini, wajen jika 11 ke nan a wata, ban da bakanike da mai faci. Da can, lokacin da ake tashi da rana a je gida a ci abinci a dawo da la'asar, sau huɗu ake yin wannan tafiya. Komawa aikin yini a miƙe ta rage ta zuwa biyu, ta kuma haifar da kular abinci da sayen shinkafa da wake a ƙofar ma'aikata. Abin da ba ya shiga lissafi shi ne ƙarfin da hanya ke sha. Wanda ya iso ofis a jigace, ya yi faɗa da direba, ya shaƙi ƙura, shi ne zai karɓi takardarka. In ya ce maka “dawo gobe”, wani lokacin gajiyar hanya ce ke magana.

Hukumomi ba su naɗe hannu ba, a ba su haƙƙinsu. An gina gadar sama ta Mali Bero a 2013, ta shataletalen Shahidai a 2016, ta Diori Hamani a 2018. An yi babban titi daga filin jirgi zuwa tsakiyar gari saboda taron Tarayyar Afirka na 2019. An shimfiɗa kwalta a titin Tanimun da wasu hanyoyin bakin gari. Duk wannan aiki ne na gaske, kuma mazauna Bobiel sun amfana. Sai dai a gidan can namu, wannan daidai yake da maigida ya sa a share tsakar gida, a cire tuntuɓe, a faɗaɗa ƙofar da ke tsakanin sassa. Amarya za ta rage faɗuwa, amma tazarar tana nan, kuma baɗi za a yi wa wani ƙane aure, masu jigila su ƙaru. Titi mai faɗi motoci yake kira, bayan 'yan shekaru ya cika kamar ba a yi ba.

Akwai kuma masu cewa a yi ta ta ƙare: a nemi fili fetal a bayan gari, a gina birnin ma'aikatu, a kwashe kowa da kowa a kai can. Wannan magana tana da daɗin ji, musamman ga 'yan kwangila. Kafin a yi na'am da ita, a leƙa gidan maƙwabta. Najeriya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, ta gina sakatariya ta gani ta faɗa a tsakiyar birni, sai ga ƙananan ma'aikata ba su iya hayar ɗaki a kusa da ita. Suka watsu Nyanya, Mararaba, Kubwa da Suleja, wasunsu ma a wata jiha suke kwana. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson hanyar Mararaba da safe ya san Yamai aljanna ce. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, jihohi irin su Edo da Kwara sai da suka sanar da rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Senegal ta kai wasu ma'aikatu Diamniadio, wajen kilomita 30 daga Dakar, ma'aikata kuwa gidajensu da makarantun 'ya'yansu suna Dakar, jirgin ƙasan da ya haɗa wuraren biyu bai fara aiki ba sai Disamban 2021. Masar ta gina nata sabon birnin wajen kilomita 45 gabas da Alƙahira, da kuɗin da Nijar ba ta da shi. Wanda ya ɗauke madafa ɗungurungum ya kai bayan danga bai rage wa amarya tafiya ba, ya dai sa uwargida ma ta shiga sahun masu jigila.

Tsofaffin mata sun daɗe da warware wannan matsala, ba tare da kiran injiniya ba. Rumbu ɗaya ne, makulli yana hannun maigida, ba mai gardama a kan wannan. Amma in gida ya yi girma, kowane sashe a kafa masa murhunsa da randarsa, a auna masa hatsinsa na mako, ya dafa a ƙofar ɗakinsa. Ranar salla ko suna a haɗu a ɗora babbar tukunya a tsakar gida. Gida bai rabu ba, tuwo kuma da zafinsa ake ci.

Ofisoshin gwamnati ma haka suke, ba duka ne rumbu ba. Fadar shugaban ƙasa, ofishin firaminista, baitulmali, ma'aikatar harkokin waje, ofisoshin ministoci da manyan sakatarorinsu, waɗannan suna bukatar juna kullum, taro yau taro gobe, a bar su a Plato. Amma a cikin kowace ma'aikata akwai mutanen da aikinsu bai haɗa su da minista ba daga farkon shekara har ƙarshenta: masu ajiyar tsofaffin takardu, masu shigar da bayanai a kwamfuta, masu lissafi, masu duba fayilolin 'yan fansho, sashen horarwa, garejin motoci, ɗakunan ajiyar kaya. Me ya ajiye su a unguwar da ta fi ko'ina tsadar fili? Sannan akwai ofisoshin da jama'a ke yi wa layi, na haraji, na takardun fili, na takardun ababen hawa, na fasfo. Waɗannan murhu ne na sosai, kuma an riga an san yadda ake raba su, tunda takardar haihuwa a gunduma ake karɓarta, ofishin 'yan sanda ma kowane yanki da nasa, bankuna da kamfanonin aika kuɗi kuwa tuni suka bi mutane har cikin lunguna. Ɗan kasuwa ya gane inda jama'a ke kwana, gwamnati ce ta makara.

Wani zai ce, to malam, kai ɗan Bobiel ne shi ya sa kake jan ruwa zuwa gonarka. In aka kawo ofis Bobiel, mutumin Talaje ko Saga fa? Na Harobanda da sai ya ƙetare kogi fa? Tambayar tana kan hanya. Tsakiyar gari, duk da cunkosonta, ita ce wurin da nisansa ya fi yi wa kowa adalci. Ofishin da guda ɗaya ne tak a ƙasa, kuma kowa sai ya je shi, in ka ɗauke shi daga Plato ka kai Bobiel, ka sauƙaƙa wa mutum ɗaya ka wahalar da huɗu. Shi ya sa abin da za a fitar iri biyu ne kawai: wanda za a iya yin irinsa a kowace gunduma, da wanda jama'a ba su zuwa wurinsa. Kogin Kwara ma ya koya mana darasi. An kafa jami'a a hayin Harobanda a farkon shekarun 1970, ga cibiyar Agrhymet, ga asibitin Lamorde, amma gadar Kennedy ta 1970 ita kaɗai ce mashiga har shekara 40. Gada ta biyu sai 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché sai 2021. Malamai da ɗalibai da marasa lafiya sun sha jira a bakin gadar nan. An kafa murhu a sashen da ƙofarsa ɗaya ce, kuma ƙarama.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan, shi ne nake jin tsoro. A ce an kafa wa amarya murhunta, an ba ta tukunya da randa, amma gishiri da daddawa da barkono suna kulle a ɗakin uwargida, kuma duk lokacin da za ta zuba sai ta je ta durƙusa ta roƙa. Wannan an ƙara mata aiki ne, don yanzu murhu yana nan, gishiri yana can. Gishirin aikin gwamnati shi ne sa hannu da hatimi. Duk wanda ya taɓa bin takarda a Yamai ya san masinja da babban fayil ɗin nan mai kauri da ake jera takardu a ciki a kai wa darakta. Ya ɗaure shi da roba a bayan moto, ya kai, a ce mai gida yana taro, ya dawo, ya koma da la'asar, a ce ya tafi rangadi. In aka buɗe reshe a Bobiel amma shugaban reshen ba shi da ikon sa hannu a kan takardar hutun ma'aikaci ko rasiɗin jika biyar, to masinja zai yini a hanya, mai neman takarda kuma za a ce masa ya je Plato ya bincika. Raba gini ba wuya. Wuyar ita ce babban darakta ya yarda alƙalaminsa ya yi aiki a hannun wani. Intanet na iya rage jigilar takarda, amma ita ma sai an yarda cewa takardar da ta zo ta waya takarda ce.

Wurin kafa murhun ma sai an duba. Mace mai hankali ba ta kafa shi inda ruwa ke kwanciya, ko nesa da randa. Ofis yana son wuta tsayayya, ruwa, layin intanet, da kwalta har ƙofa, a kan hanyar da tasi da faba-faba ke bi. Mazauna unguwannin arewa sun san yadda famfo ke yin gum a watan Afrilu, a kwana ana tsaron ruwa, sun san yadda wuta ke ɗaukewa rana tsaka. Ma'aikacin da aka kawo kusa da gidansa ya zauna gaban kwamfutar da ba ta da wuta, gara masa Plato. Misalin babban asibitin da Sin ta gina a Cangarai, mai gado 500, wanda aka buɗe a 2016, ya nuna cewa ana iya kai babbar ma'aikata arewacin gari ta zauna daram, kuma masu abinci da kantunan magani da direbobi su biyo ta. Sai dai fili yana ƙarewa. Duk lokacin da aka yanka unguwa akan ware filayen hukuma don makaranta, asibiti ko ofis, kuma kowa ya san yadda irin waɗannan filaye ke narkewa, a kwana a tashi a ga an zagaye su da katanga an sa ƙofar ƙarfe. Wanda ya rage a Bobiel da maƙwabtanta, in ba a killace shi yanzu ba, nan gaba sai gwamnati ta saya da tsada abin da ta bayar a banza.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, ana iya farawa ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba. Ofisoshin gwamnati da dama a gidajen haya suke, gidajen kwana ne aka mai da falo wurin jira, ɗakin barci ofishin darakta, a Plato da Kwara Kano da Yantala da Terminus. Kuɗin haya ake biya duk wata daga baitulmali. In wa'adin haya ya ƙare, me zai hana a nemi gida a unguwar da mafi yawan ma'aikatan wannan sashe suke, inda haya ma ta fi sauƙi? A kula dai, kada neman kusanci ya zama ƙofar da wani babba zai cusa wa gwamnati gidan surukinsa da ke ƙarshen lungu. Na biyu, malaman makaranta, waɗanda su ne kaso mafi girma na ma'aikatan gwamnati, da ma'aikatan lafiya, wuraren aikinsu tuni suke warwatse a unguwanni. Matsalarsu wurin tura su aiki take. Malama tana kwana a Bobiel tana koyarwa a Gamkale, wata tana kwana a Gamkale tana koyarwa a Bobiel, kullum su yi kiciɓis a tsakiyar gari ba su san juna ba. Musayar gurbi tsakanin irin waɗannan biyu takarda ɗaya ce da sa hannu ɗaya.

Duk wannan yana bukatar a san abu guda: ina ma'aikata ke kwana? Gwamnati ta san sunan kowa, lambarsa, matakinsa da ranar da zai yi ritaya, tunda ita ke biyansa. Ƙara tambaya ɗaya, wace unguwa kake, kuma da me kake zuwa aiki, ba zai gagari ma'aikatar kula da ma'aikata da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ba. Mutane suna sauya gida, ana yi musu canjin wurin aiki, saboda haka ba don Malam wane za a kafa ofis ba, unguwannin da ke cika ake dubawa, kuma a riƙa sabunta lissafin.

Kirana ga ma'aikatar kuɗi, ma'aikatar tsara birane da hukumar birnin Yamai shi ne, kafin a sake sa hannu a kan wata hayar ofis ko a aza harsashin wani bene a Plato, a shimfiɗa taswirar inda ma'aikatan wannan ofis suke kwana a kan tebur. A killace filayen hukuma da suka rage a Bobiel da sauran unguwannin bakin gari. A gwada da reshe ɗaya a kowace gunduma, a ba shugabansa hatimi da ikon sa hannu, bayan shekara a tambayi ma'aikata da jama'a abin da suka gani.